Harshen da Na Ara wa Burushi

Wata biyu ke nan da rasuwar abokina Burushi. Shekara ashirin da shida muka yi a shago ɗaya. Ni ina gaba, bakin titi, ina yanka mukulli. Shi yana ciki, bayan wani katako da bai kai rufi ba, yana gyaran injunan gahawa na gida da injunan da ke niƙa 'ya'yanta. Ni ba mai ilimi ba ne, a aji shida na tsaya, amma na duba na ga in ban rubuta wani abu a kansa ba, babu mai rubutawa. Mutanen da ya yi wa aiki duk masu biro ne, sai dai ba su da lokacinsa.

'Yan layinmu ne suka sa masa Burushi, saboda wani ɗan burushi mai baƙin gashi da ba ya rabo da aljihun rigarsa, kamar yadda wasu ke soka biro. Ko wurin ɗaurin auren 'yarsa ta fari da shi ya je. Ni kuma Mukulli yake kirana, matarsa ma haka, 'ya'yansa mata biyu suna cewa Baba Mukulli.

Da fanka ya fara, da dutsen guga da rediyo. Wata rana kukun wani babban gida ya shigo rungume da wani inji mai nauyi, gumi na zuba, ya ce maigidansa ya ce in ba a gyara ba kada ya dawo. Burushi bai taɓa ganin irinsa ba, amma bai faɗa ba. Ya shimfiɗa farin tawul, ya kwance injin kaf, ya jera kowane noti bi da bi yadda ya ciro shi, ya yi kwana uku yana kallon kayan cikin. A rana ta huɗu ya gano wata 'yar roba ce ta bushe ta tsage. Ya nemo makamanciyarta ya sa, inji ya tashi. Kukun ya nuna masa yadda ake haɗa gahawa da shi, ya miƙa masa ya kurɓa. Burushi ya yamutsa fuska ya ce lallai masu hali ba su da abin yi, tunda har inji suke saye don ya azabtar da su. Kafin shekara ta zagayo ya daina karɓar fanka.

Ga wanda bai taɓa gani ba, injin nan yana da 'yar tukunya a ciki da ke dafa ruwa. Famfo ya tura ruwan da ƙarfi ta cikin garin gahawa da aka danne a wani ɗan kwandon ƙarfe, sai ta zubo baƙa, mai kauri, kurɓa biyu a ƙaramin finjali. Masu shi suna ce mata isfireso. Injin niƙan kuma yana da haƙora na ƙarfe da wani zobe da ake juyawa. In ka matse zoben, gari ya yi laushi, ruwa ya riƙa ɗigowa da ƙyar, gahawa ta yi ɗaci. In ka sassauta, gari ya yi tsaki-tsaki, ruwa ya wuce da gudu, ta yi tsami. Tsakanin biyun akwai wata 'yar gaɓa, kuma neman wannan gaɓar Burushi ya ƙarar da rayuwarsa.

Yakan ce yawancin injunan da ake kawo masa ba lalacewa suka yi ba, ƙazanta ce ta shaƙe su. Ruwa yana barin farin ƙanzo a tukunya da bututu har su toshe. Maiƙon gahawa yana daskarewa a rariyar da ruwan ke fitowa, ya yi wari. Tsohon gari yana maƙalewa a haƙoran niƙa wata da watanni. Sai ya ciro rariyar, baƙa ƙirin, ya ɗaga wa 'yar aikin da aka aiko da injin, ya ce, “Ƙanwata, ta nan kike tace wa maigidanki abin sha? Me ya yi miki haka?” In ta gama dariya sai ya zaunar da ita ya koya mata: a saki ruwa bayan kowane finjali, a goge kwandon, a tace ruwan da ake zubawa, duk wata biyu a wanke tukunya da hodar tsami, a share haƙora da burushi. Na sha ce masa yana kashe kasuwarsa da bakinsa. Ya ce in kwantar da hankalina, ba wanda zai yi. Gaskiyarsa kuwa. Bayan wata takwas injin zai dawo kamar ba a taɓa magana ba.

Amma abin da ya bambanta shi da sauran masu gyara shi ne ƙa'idarsa ta finjali uku. Ba injin da ke barin hannunsa sai ya haɗa gahawa da shi sau uku. Na farko ya zubar, don ya kwashe ragowar ruwan wanki. Na biyu ya sha, ya juya zobe. Na uku ya sha ya tabbatar. In na ukun bai yi ba, akwai na huɗu. Yayin da take zubowa yakan ƙirga a hankali, leɓensa na motsi, yana duba launinta, amma ya ce ƙirga da ido taimako kawai suke yi, harshe ne mai yanke hukunci. Inji biyar ko shida yake gamawa a rana. Kowa ya lissafa ya ga finjali nawa ke shiga cikin mutum ɗaya, rana bayan rana, fiye da shekara ashirin. Da yamma hannunsa yakan ɗan yi rawa, ni kuma in ce masa ya zo ya riƙe min mukulli a jikin injina, mukullin ya yanka kansa da kansa.

Wasu injunan ana kawo su shago, wasu shi yake binsu gida. Ta ƙofar baya yake shiga, a tsaye yake aiki, a tsaye yake fita. Cikin masu ba shi aiki wanda ya fi daɗewa shi ne wani lauya, mai wani tsohon inji da Burushi ya riƙe da rai shekara goma sha shida. Lauyan yana kiransa “mutumina”, yana kuma yi wa baƙinsa alfahari da cewa babu inda za su sha gahawa irin ta gidansa. Burushi yana jin daɗin wannan maganar ƙwarai, ko da yake daga bakin kuku take iso masa.

Bara, wata safiya, ina cikin yanka mukullin wata mata, na ji ƙarar faɗuwar kujera a bayan katako. Na same shi zaune a ƙasa, ya dafe ƙirji, fuskarsa ta yi fari. A asibiti likita ya ce zuciyarsa tana bugawa ba bisa tsari ba, jininsa kuma ya hau. Ya tambaye shi finjali nawa yake sha a rana. Da Burushi ya faɗa, likitan ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne sai ya ajiye biro ya ce daga yau ko ɗaya. Burushi ya ce ai ba sha yake yi ba, aiki yake yi. Likita ya ce zuciya ba ta san bambancin ba.

Ranar da ya dawo shago matarsa ce ta rako shi. Ba ta saba zuwa ba. Ta jira ya shige ciki, sannan ta tsaya a gaban teburina ta rage murya.

“Mukulli, a gida ni ce da shi. A nan kai ne. Amanarsa na ba ka.”

Na ce, “Matarmu, ki sa ranki a inuwa. Ko ƙamshinta ya shaƙa fiye da kima, rahoto zai iske ki kafin ya iso gida.”

Daga bayan katako ya ce, “Ina jin ku dai, 'yan sanda.”

Da farko ya gwada kurɓa ya tofar. A shago abin ya yi sauƙi, ya ajiye gwangwani a gindin tebur, ko da yake yana ta mita cewa ƙarshen ɗanɗano a maƙogwaro yake, sai an haɗiye ake jinsa. A gidajen mutane ne abin ya gagara. A wani gida ya kurɓa, ya duba hagu da dama, ya tofar a wurin wanke-wanke ya saki ruwa. Ashe matar gidan tana bakin ƙofa. A gabansa ta kira 'yar aiki ta sa ta wanke wurin da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau biyu, shi kuma yana tsaye da akwatin kayan aikinsa a hannu. Da ya dawo ya ba ni labarin yana dariya, amma ranar bai ƙara taɓa komai ba har muka rufe.

Washegari ya ce in ara masa harshena. Zai riƙa kawo injunan shago, ya yi gyara, ya haɗa, ni in sha in faɗa masa abin da na ji. Ni lafiyata ƙalau, zuciyata kamar ta doki. Na yarda nan take, har ina jin daɗi, don na ga hanyar da zan riƙe amanar da aka ba ni.

Ya haɗa finjali biyu, ɗaya ya matse zobe, ɗaya ya sassauta, ya ce in faɗi mai tsami. Na sha wannan, na sha wancan, na ce duka biyun kamar an jiƙa ƙonanniyar taya. Ya riƙe kai. Ya ce sukari ya gama da harshena, shayin da nake sha ko cokali aka soka zai tsaya da ƙafarsa. Ya hana ni sukari da safe. Ya koya min cewa tsami a gefen harshe yake kamawa, ɗaci a can baya, daɗin kuma sai an haɗiye yake biyowa a hankali. Allah ya sani na yi ƙoƙari. Kwana goma ina rufe ido ina juya abin a baki kamar mai kurkure. Ban ji komai ba sai taya.

Abin da na lura da shi kuwa shi ne, duk sanda na yi jim ban ba da amsa ba, hannunsa yakan taho wajen finjalin. Sai ya ce in kawo, leɓe kawai zai taɓa. Leɓe ya zama kurɓa, kurɓa ta wuce maƙogwaro. Na ga rashin sanina ne ke ba shi ƙofa. Sai na daina sauraron harshena, na koma kallon bakinsa. In ƙirgarsa ta tsaya da wuri, in ce tsami. In ta yi tsawo, in ce ɗaci. In ta tsaya tsakanin ashirin da biyar da talatin, launin kuma ya yi kamar yadda yake so, sai in kurɓa, in ɗan lumshe ido, in ce, “Ya yi.”

Murnar da ya yi ita ce har yau take ci min rai. Ya kira matarsa a waya a gabana ya ce ashe shekara ashirin da biyar yana zaune da gwani bai sani ba. Ya fara kirana Malam Harshe. Ya sayo min finjali nawa na kaina. Ni kuma ina karɓar yabon ina murmushi. Sati bakwai muka yi a haka, ko ɗigo bai shiga bakinsa ba. Fuskarsa ta ciko, rawar hannu ta tafi, matarsa ta ce har minshari ya fara yi kamar sauran mazan mutane. Na ce wa kaina ƙaryar da ke ƙara wa mutum lafiya ba abin kunya ba ce.

A sati na bakwai direban lauya ya kawo injin niƙansu. Haƙoran sun cinye, Burushi ya sa sababbi. An haɗo da wata jakar 'ya'yan gahawa da lauyan ya samo, ba irin wadda ya saba ba, launinta bai yi duhu sosai ba. Burushi ya niƙa, ya danne, ya haɗa. Na farko ya zubar. Na biyu ya ƙirga, ya tsaya a ashirin da bakwai, launi ya fito da kyau. Ya turo min.

Na kurɓa, sai na ji wani abu ya kama min gefen muƙamuƙi kamar na ciji ɗanyen lemun tsami. Karo na farko ke nan da harshena ya faɗa min wani abu. Na gane tsamin da ya yi sati bakwai yana kwatanta min. Amma a take na hango abin da zai biyo baya: in na ce tsami alhali ƙirga ta yi daidai, zai rikice, zai ce in kawo ya taɓa leɓe, kuma da irin wannan sabuwar gahawar ba finjali ɗaya zai tsaya ba. Na haɗiye, na lumshe ido, na ce, “Ya yi.” Ya haɗa na uku, na sake cewa ya yi. Ya goge injin da tawul, ya share shi da burushinsa, direba ya ɗauka.

Bayan kwana uku lauyan ya zo da kansa. Shekara goma sha shida bai taɓa taka shagonmu ba. Direba na biye da shi da injunan biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce teburina kamar ba mutum a wurin, ya tsaya a bakin katako don kada rigarsa ta taɓa wani abu. Ya ce ya tara manyan baƙi, ya cika musu baki, sai ga babban cikinsu ya kurɓa sau ɗaya ya ture finjalin ya nemi ruwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Mutumina, in tsufa ya zo, faɗa ake yi. Sai mu nemi wani.”

Ya sa aka jona injunan, ya naɗe hannun riga, ya haɗa da kansa, ya tura finjalin gaban Burushi. “Sha ka ji abin da ka aiko min.”

Na buɗe baki zan ce likita ya hana shi. Burushi ya dube ni sau ɗaya, sai na rufe. Ya ɗauki finjalin ya shanye duka, ya tsaya yana jiran ƙarshen ɗanɗanon.

“Gaskiyarka, yallaɓai. Kuskurena ne.”

Bai ambace ni ba. Ya matse zoben gaɓa biyu, ya haɗa, ya sha. Ya ƙara rabin gaɓa, ya haɗa, ya sha. Sannan ya haɗa wa lauyan. Lauyan ya kurɓa, ya gyaɗa kai, ya ce da ma ya san ya iya, wasa ne ya sa a aikin. Suka kwashe kayansu suka tafi.

Na daɗe a teburina ina juya wani mukulli da na riga na gama. Can ya kira ni. Na shiga na same shi yana wanke finjalan. Bai juyo ba.

“Tun yaushe kake karanta bakina?”

Na faɗa masa duka, har da tsamin da na ji na ɓoye. Na so ya yi faɗa, ya zage ni, ya jefe ni da wani abu. Bai yi ba. Ya ce ya san dominsa na yi. Ya goge hannu, ya ce amma injunan daga hannunsa suka fita. Ya ɗauko littafin da yake rubuta adireshin gidaje, ya bi sati bakwai ɗin nan da fensir yana sa alama. Ko da yake tun ciwon ya rage karɓar aiki, gida arba'in da uku ne.

Duka ya bi su, ba tare da kowa ya kira shi ba. Gida biyu ko uku a rana, bayan aikin shago, da akwatinsa a hannu, yana ƙwanƙwasa ƙofar baya yana cewa ya zo ya sake duba saitin niƙa. A kowane gida finjali biyu, wani wuri uku. Abin da ba zan manta ba shi ne, a cikin arba'in da ukun nan, gida huɗu ne kacal suka lura akwai wani abu. Sauran madara da sukari suke tulawa, ko ruwan kwata ka haɗa musu ba za su sani ba. Wata ta tambaye shi ko aiki ne ya yi masa ƙaranci da yake yawo gida-gida. Wani ya sa aka ce masa ya dawo gobe, yanzu ana barci. Ya koma goben.

Sau ɗaya na tare shi da maganar sosai. Na ce ya ga dai da idonsa ba su san bambanci ba, don me zai kashe kansa saboda mutanen da ba su san me yake yi musu ba. Ya ce ba don su yake yi ba. Ya ce in bai ɗanɗana ba, shi mai wankin inji ne kawai, wanki kuwa kowa ya iya. Na ce ya koma gyaran fanka. Ya yi dariya ya ce fankar yanzu in ta mutu bola ake kai ta. Na ce to ya sake gwada ni, yanzu harshena ya buɗe, na rantse ba zan ƙara yi masa ƙarya ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Mukulli, ka koma wa sukarinka. Ka rame.” Finjalin da ya saya min ya wanke shi ya kife a saman kanta, bai ƙara sauko da shi ba. Ya kuma roƙe ni kada in ɗaga wa matarsa hankali.

Ita kuwa duk sati sai ta kira ni. Ta tambayi kasuwa, ta tambayi iyalina, sannan ta ce, “Ya mutumin naka?” Ni kuma in ce yana ƙoƙari. Na zaɓi kalmar da kyau, don in iya ce wa kaina ban yi ƙarya ba. Ba roƙonsa kaɗai ya rufe min baki ba. In zan faɗa mata ya koma sha, dole in faɗa mata abin da ya mayar da shi, ni kuma kunya ta hana ni. Ina zaune a gaba ina jin ƙarar famfo a bayan katako, in ji shiru, in ji finjali ya taɓa tebur, in san abin da ya faru a cikin shirun. Sai in kunna injina don kada in ji na gaba. Rawar hannun ta dawo. Ya fara tsayawa a tsakiyar magana yana jan numfashi. Wata huɗu muka yi a haka.

Ranar Talata ce, da rana tsaka. Wayata ta yi ƙara da lambarsa, amma muryar mace ce, 'yar aikin wani gida da ya je gyara. Kafin in isa asibiti an riga an rufe shi da mayafi. Daga baya ita 'yar aikin ta ba ni labari. Ta ce ya gama aikin tsaf, ya sha na biyu da na uku, ya goge injin, ya mayar da kowane kaya mazauninsa a akwati ya rufe. Sannan ya ce mata zai ɗan zauna. Babu kujera a kicin ɗin. Ta ce ya zo falo ga kujeru nan, ya ce a'a, rigarsa da maiƙo. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da firij. Ta je ɗebo masa ruwa, ta dawo ta samu kansa ya langaɓe.

Washegari matar gidan ta sa aka kira ni, a zo a ɗauke akwatin, ya tare hanya.

Kuku-kuku sun zo gaisuwa, da direbobi, da 'yan aikin da ya yi shekaru yana tsokana. Wata dattijuwa ta zauna tana kuka, ta ce shi kaɗai ne ya taɓa koya mata wani abu a gidan da take aiki ba tare da tsawa ba. Cikin masu injunan ban ga ko ɗaya ba. Lauyan ya aiko direbansa a rana ta uku. Direban ya yi ta'aziyya, ya daɗe yana murza hula, sannan ya ja ni gefe ya ce yallaɓai ya ce a tambaya ko iyalin sun san wani mai gyaran da za a iya dogara da shi.

Sati uku da suka wuce matarsa ta zo shago don a raba kayansa da na mutane. Na taya ta. Muka jera injunan da masu su ba su zo karɓa ba a gefe ɗaya, kayan aikinsa a kwali. Da muka gama ta zauna a kujerarsa, ta dubi hannuwanta.

“Mukulli, ka sani?”

Na ce na sani. Na faɗa mata komai daga farko, a tsaye, ban rage ko ɗaya ba. Ta saurara har na kai ƙarshe.

Ta ce ita ma ta sani. Ita ke wanke rigunansa, ita ke kwana kusa da numfashinsa. Ta tambaye shi sau biyu ya ce ƙamshin shago ne, ita kuma ba ta iya ƙaryata shi a fuskarsa ba tare da shaida ba. Shi ya sa take kirana duk sati.

“Kalma ɗaya nake jira daga bakinka. Da ka faɗa, da na zo na shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon nan, kullum, har ya ji kunyata. Da ya yi fushi da ni, ya yi fushi da kai, wataƙila ya daina yi mana magana. Da yanzu yana gida yana fushin.”

Na ce ta yafe min. Ta ce ba ta riƙe ni ba, amma kada in nemi ta ce ba komai, don da komai.

Ta miƙe, ta buɗe jakarta, ta ciro mukullinsa na shagon ta ajiye a kan teburina. Na ce ta riƙe, wurin nasu ne, ko yaushe ita ko yaran suka so su zo. Ta ce ba ta da abin da za ta zo nema a nan. Na ɗauki kwalin zan kai mata bakin titi, ta ce in bari, ba nauyi. Ta rungume shi ta fita, na tsaya a ƙofa ina kallonta har ta sami mota.